Tarkon Kwaɗi Domin Koton Ƙugiya

Idan damina ta ja baya, aka yanke gero aka ɗaure, dawa kuwa tana jiran ta ƙosa, manomin da ke zaune kusa da gulbi ko tafki ya kan sami 'yar sarari ya juya wajen ruwa. A lokacin nan ne ruwan da ya malale fadamu ya ke komawa, kifin da ya yi ƙiba cikin ciyawa ya taru a wurare masu zurfi, tarwaɗa da ramboshi da tufi su yi ta neman abin da za su haɗiye. Mai ƙugiya 20 ko 30 ba ya rasa na miya, wata rana ma har ya sami na kai wa kasuwa. Amma fa da ruwan ciki a kan ja na rijiya, ƙugiyar da ba koto ƙarfe ce kawai.

To, koton ne ya kan yi wuya da kaka. Da ƙasa ta fara bushewa sai tana ta nutse, a yi ta haƙa kafin a sami cikin gwangwani ɗaya. In ma an samu, ƙananan kifi su kan tsattsage ta daga ƙugiya tun babban bai iso ba. Ƙaramin kwaɗo kuwa ba haka ba ne. Fatarsa tana riƙe ƙugiya, ya fi ƙarfin bakin 'yan ƙanana, kuma abincin tarwaɗa ne da ta saba da shi tun asali. Saboda haka masunta suka daɗe da saninsa, daga Yawuri da Argungu har Haɗeja da Nguru.

Abin da ke da gyara shi ne yadda a ke kama shi. Galibi yara a kan tura da dare, da tocila da sanda, su bi bakin ruwa suna bugun duk abin da ya yi tsalle. Wannan hanya tana da illa uku. Ta fari, inda kwaɗo ya ke nan maciji ke farautarsa, kuma da dare kububuwa da gamsheƙa su ke yawo. Wanda ya taɓa zuwa asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe, inda a ke jinyar saran maciji, ya san abin da taku ɗaya cikin duhu ke jawowa. Ta biyu, shiga ruwan da ba ya gudu yana kawo tsargiya, gama ƙwayar cutar daga jikin 'yan katantanwar ruwa ta ke fitowa, ta huda fatar mutum ta shiga. Ta uku, sanda ba ta zaɓe. A kan kashe kwaɗi 100, a yi amfani da 20, sauran su ruɓe. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

KWAƊO ƊAN ƘODAGON MANOMI NE

Kamata ya yi manomi ya san abin da ya ke hasara idan kwaɗi suka ƙare a fadamarsa. Da dare, sa'ad da mai gona ke barci, kwaɗo yana cikin shinkafa da albasa da tumatir yana cin fara da gyare da tsutsa da gara da sauran ƙwarin da ke ɓarna. Ba ya taɓa ganye, ba ya cin ƙwaya, ba ya neman lada. Ɗan ƙodago ne wanda ke ciyad da kansa.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana rashinsa. Ƙasar Indiya ta yi shekaru tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, ana kamo su daga gonakin shinkafa, har masana suka yi ta kukan cewa ƙwari na ƙaruwa, kuɗin magani kuma na hawa. A 1987 gwamnatin ƙasar ta hana fitar da su. A Arewacin Nijeriya ma akwai masu kama burduddugi a fadamun Haɗeja da Nguru, su busar, a yi lodinsa zuwa kasuwannin Kudu. Ga kuma maganin feshi da ke gangarawa cikin ruwa yana kashe ƙwai da 'ya'ya. Ashe kuwa bai kamata mai neman koto ya ƙara wa wuta itace ba. Amfanin tarko shi ne yana kama kwaɗo da ransa, mutum ya zaɓi kaɗan ɗin da ƙugiyarsa ke bukata, ya saki sauran su koma bakin aikinsu.

KAYAN DA A KE BUKATA

Babu abin saye mai yawa, kusan duka a kan same su a gida:

1. Bokitin roba mai cin lita 20, irin wanda a ke zuba fenti, da murfinsa. In babu, tsohuwar randa ko tulu mai faɗin baki ya isa, ko da ya tsage.
2. Buhunan hatsi waɗanda aka farke aka ɗinke, ko tsohon asabari, ko zana, abin da zai kai tsawon ƙafa 30, tsayinsa inci 18.
3. Turaku 12 na kara mai ƙwari ko itace, ko wanne ƙafa 2.
4. Gwafa ɗaya mai tsawon ƙafa 4, da igiya.
5. 'Yar fitila mai caji ko mai amfani da hasken rana.
6. Dagi ko fartanya, da wuƙa.

Lalle a wanke bokitin sarai, a shanya shi, har warin fenti ya fita. Kada ko kusa a yi amfani da mazubin maganin ƙwari ko na kashe ciyawa, ko buhun takin zamani. Kwaɗo ba da baki ya ke shan ruwa ba, ta fatarsa ya ke tsotsa, saboda haka duk dafin da ya taɓa jikinsa ya shige shi, daga nan ya shige kifi, daga kifi sai tukunyar mai gida. Fitilar ƙwai ma tana yi, amma tana da haɗari, domin kananzir in ya ɗiga cikin bokiti ya kan kashe abin da ke ciki, iska kuma in ta kada ita zana ta kama wuta.

YADDA A KE KAFAWA

Da rana a ke yin aikin, ba a fafe gora ranar tafiya. A fara zaɓen wuri. Wurin da ya fi shi ne tsakanin ruwa da ciyawa ko lambu, kamar yadi 2 ko 3 daga gaɓa, inda ƙasa ke da danshi amma ba ta cika taɓo ba. A guji hanyar shanu da mashaya, da turbar da mata da yara ke bi zuwa ɗiban ruwa, don kada wani ya zurma.

Sa'an nan a ɗauki murfin bokitin a yanke tsakiyarsa, a bar leɓe mai faɗin inci 2 kewaye, a mai da shi bisa bokitin. Wannan leɓe shi ne sirrin tarkon, gama kwaɗon da ya yi tsalle daga ciki ta gefe ya kan bi, sai ya bugi leɓen ya koma. Mai amfani da randa ba ya bukatar wannan, wuyan randar ya riga ya yi masa aikin.

A haƙa rami daidai bokitin, a zura shi, a cike gefe da ƙasa a daddanna, har bakinsa ya yi daidai da doron ƙasa. Nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Idan bakin ya ɗara ƙasa ko da inci 1 ne, kwaɗo zai kewaye shi ya wuce. Gara ma ya ɗan nutse kaɗan. In ƙasar mai jigawa ce, a huda gindin bokitin da ƙusa wuri 5 ko 6 domin ruwan sama ya tsiyaye. In kuwa wurin ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa, kada a huda, sai dai a sa dutse mai nauyi a ciki don kada ruwan ƙasa ya turo shi sama. A zuba ɗanyen ganye ko jiƙaƙƙiyar ciyawa cikin tafi 2 a gindi, da ɗan guntun katako wanda abin da ya faɗa zai hau in ruwa ya taru.

Daga nan sai shinge. A ja layi da fartanya wanda ya bi tsawon gaɓa, ƙafa 15 ta dama da bokiti, ƙafa 15 ta hagu, zurfinsa inci 2 ko 3. A kakkafa turaku bisa layin, tsakanin ko wane biyu kamar yadi 1, a ɗaure buhun a jikinsu ya miƙe tsaye ba lanƙwasa, a binne gindinsa cikin layin, a taka da ƙafa. Shingen ya ratsa ta tsakiyar bakin bokiti, rabin bakin yana wajen ruwa, rabi yana wajen tudu, don a tare masu fitowa da masu komawa. A duba da kyau kada a bar ko 'yar kafa a ƙarƙashi, domin inda yatsa ya shiga ƙaramin kwaɗo zai shige.

Abu na ƙarshe, a kafa gwafa a gefe, a rataye fitila ta sauko kamar ƙafa 2 bisa bakin bokitin. In buhun da ke kusa da fitilar fari ne, ya fi, don ƙwari su kan sauka a kansa su zubo ƙasa. Da magariba a kunna, a koma gida.

ABIN DA YA SA YA KE KAMAWA

Halin kwaɗo biyu ne tarkon ya dogara a kai. Na ɗaya, irin kwaɗin da ke fitowa tudu ba su cin abin da ba ya motsi. Ko an ajiye musu nama ko tuwo ba za su kula ba, sai abin da ya yi tsalle ko ya tashi. Don haka ba a sa wa wannan tarko abinci, fitila ce ke kiran ƙwari, ƙwari su kira kwaɗi. Daren da aka yi ruwa shinge ya tashi daga suri, ba a cewa kome. Na biyu, kwaɗo in ya ci karo da abin da ya tare masa hanya, ba ya juyawa, bin gindinsa ya ke yi yana neman mafita. Ko ta dama ya bi ko ta hagu, in ya nufi tsakiya ramin na jiransa. Da irin wannan shinge da bokiti ne masana ke ƙidayar kwaɗi da ƙadangaru a daji.

Daren farin wata fitila ba ta cika jan ƙwari ba, haka kuma in hunturu ya kankama kwaɗi su kan lafe. Daren da ya fi shi ne mai duhu, mai ɗumi, mai raɓa.

DUBAWA DA ASUBA

Tilas ne a duba tarko ko wace safiya kafin rana ta ɗaga. Kwaɗon da rana ta doka cikin bokitin roba ba ya daɗewa. Kuma kada a taɓa zura hannu kai tsaye. A haska tukuna, a motsa ganyen da sanda mai tsawo, gama ba kwaɗo kaɗai ke bin gindin shinge ba. Kunama ta kan faɗa, da jaɓa, da ɗan maciji wanda ya biyo abincinsa. In an tarar da maciji, a jingina sanda cikin bokitin a ja da baya, zai hau ya tafi. Wannan aikin babba ne, ba na yaro shi kaɗai ba. In kuwa kwarkwasa ta gano wurin, ba makawa sai a tashi tarkon a sake masa wuri.

WANDA A KE ƊAUKA DA WANDA A KE SAKI

Kwaɗon koto shi ne mai laushin fata, mai santsi, mai dogayen ƙafafun baya, wanda tsawon jikinsa bai wuce inci 2 ba. Irin wannan galibi haihuwar bana ne, kuma su ne suka fi yawa da kaka.

Kwaɗon tudu, watau mai kaushin fata kamar ƙuraje, mai gajeren tsalle, wanda a kan gani a gindin randa, ba koto ba ne. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fid da farin ruwa mai dafi, kifi da yawa su kan tofar da shi. Sai a kai shi lambu a sake, can ne amfaninsa ya ke. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya shafa ido ko ya ci abinci.

Babban burduddugi kuma a sake shi. Ya fi ƙarfin ƙugiya, kuma manyan su ne iyaye, macen ta kan zuba ƙwai ɗaruruwa a damina. Wani lokaci ƙaton ya kan tsallake ya fice daga bokitin da kansa. Kada mai tarko ya ji haushi, irin baɗi ne ya tsira. Manomin da ya san darajar iri ba ya daka shi ya yi fura.

Ƙa'idar ita ce a ƙirga ƙugiya kafin a ƙirga kwaɗo. Mai ƙugiya 20 ya ɗauki 20, sauran ya juye su cikin ciyawa a bakin ruwan da suka fito. Ranar da ba za a yi su ba, a rufe bakin bokitin da faifai ko katako a danne da dutse. In an gama da wurin ɗungum, a cire shinge, a tone bokiti, a cike ramin. Tarkon da aka bari buɗe ba mai dubawa kabari ne.

AJIYA DA SA WA ƘUGIYA

Waɗanda aka zaɓa a zuba su cikin tulu mai ruwa inci 1 da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a rufe da faifai ko tsumma mai shan iska, a ajiye a inuwa. A sake ruwan kullum, kuma kada a wuce kwana 2 ko 3. Kada a gama manya da ƙanana, domin burduddugi ya kan haɗiye ɗan'uwansa in ya fi shi girma.

Tarwaɗa da ramboshi da sansana da gashin bakinsu su ke neman abinci cikin duhu, saboda haka ba lalle sai kwaɗon yana da rai ba. Ya fi kyau a kashe shi farat ɗaya da bugu a ka, a ɗan tsaga cikinsa don wari ya fita, sa'an nan a soka ƙugiya ta haɓa ta fito ta hanci. Ta haka ba a azabtar da shi ba, kuma ba ya samun damar nannaɗe igiya cikin ciyawa. Tufi da giwan ruwa kuwa sun fi son abin da ke motsi, masu nemansu su kan soke fatar cinya kawai. A kan kafa ƙugiya da almuru kusa da ciyawar ruwa ko gindin itacen da ya faɗa, a duba da sassafe.

Kada a ɗauki kwaɗin wani tafki a kai wani mai nisa, kuma kada a zubar da ragowar a can. A 1998 masana suka gano wata cutar fata wadda ta yi wa kwaɗi kisan ƙare dangi a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya, kuma ɗaukar kwaɗi daga wuri zuwa wuri yana cikin abin da ya yaɗa ta.

TARKON CIKIN RUWA

Akwai wani kwaɗo da ba ya zuwa wajen fitila, domin a cikin ruwa ya ke zamansa. Jikinsa a baje ya ke, ga tsananin santsi, idanunsa a bisa ka, da baƙaƙen farata 3 a ko wace ƙafar baya. Shi da sansana ya ke neman abinci. Mai sonsa sai ya naɗe ragar waya ta zama kamar ganga, tsawon ƙafa 2, ya toshe gefe ɗaya da abin da za a iya buɗewa, ɗaya gefen ya sa mazurari na waya mai duban ciki, ƙofarsa inci 2. Mai iya saƙa ya yi da kaba ko tsagin gora, kamar yadda a ke saƙa tarkon kifi. A sa kan kifi ko hanjin kaza a ciki, a ajiye a gefen ruwa daga kan gaɓa, a ɗaure da turke. Lalle kashi ɗaya cikin uku na tarkon ya tsaya a waje bisa ruwa, gama kwaɗo iska ya ke shaƙa, in an nutsar da shi duka sai ya mutu.

LOKACI DA IZINI

Farkon damina, sa'ad da kukan kwaɗi ke hana barci, lokacin aurensu ne da zuba ƙwai. A ƙyale su. Manomi ma a sa'an nan shuka da noman fari sun ishe shi. Lokacin tarko shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa shigowar sanyi. A wuraren noman rani, kamar Kadawa da Kura inda ruwan madatsar Tiga ke bi, a kan same su har cikin rani, amma a nisanci magudanar da aka wanke injin feshi a ciki.

Ko wane ruwa da mai shi. Kafin a kafa ƙugiya a nemi izinin sarkin ruwa, in fadamar wani ce a gaya masa. Mutanen Argungu su kan hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa kifin wurin ke girma har a zo kallonsa daga nesa. Kuma a tuna dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba ko nakiya cikin ruwa a Nijeriya.

Akwai kuma zancen addini wanda ba a ɓoye shi. A littafin Abu Dawuda akwai hadisin da ya hana kashe kwaɗo, malaman Malikiyya kuwa sun lissafa shi cikin dabbobin ruwa da aka halatta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin garinsu, ko ya tsaya ga tana da ƙananan kifi. Abin da babu saɓani a kai shi ne ɓarna ba ta halatta.

Aikin yini ɗaya ne kafa wannan tarko, bokiti guda kuwa ya ishi gida guda. Mai shi ya kwana a ɗakinsa, 'ya'yansa ba su taka maciji ba, da safe ya ɗauki abin da zai ishe shi ya saki sauran, baɗi kuma ya tarar da kwaɗi a fadamarsa suna tsaron shinkafa. Allah ya ba da sa'a, ya sa a ci kaka lafiya, amin.